Yadda Ake Zama Lafiya Idan Dusar Ƙanƙara Ta Sauka Da Wuri Ta Tafi Da Wuta

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba a koya masa zama babu lantarki. An ɗauke, an kawo, a haka muka girma. Shi ya sa idan ɗan'uwanmu ya zo Amurka ko Kanada karatu ko neman na kansa, aka ce masa ya yi tanadi don ana iya rasa wuta, sai ya ga abin bai taka kara ya karya ba. Ni ma haka na ɗauka ranar Asabar 29 ga Oktoba, 2011, ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari a arewacin jihar Konetikat ta Amurka. Kwana takwas muka yi babu wuta. A cikinsu na gane cewa rabin abin da na taho da shi daga gida ya amfane ni, ɗaya rabin kuwa yana iya halaka mutum da iyalinsa a dare ɗaya. A gida idan an ɗauke wuta zafi kake fama da shi, ƙofa da taga a buɗe, iska na ratsa ɗaki. A nan sanyi ne, gidan kuma an gina shi ne don kada iska ta shiga ko ta fita.

Dusar Oktoba ta fi ta Janairu ɓarna ga wayoyin lantarki, kuma dalilin a bishiya yake. A tsakiyar hunturu ganye ya kaɗe, dusar busasshiya ce, tana zubewa ta tsakanin rassa. A Oktoba ganyen na nan, dusar kuma jiƙaƙƙiya ce mai nauyi da danƙo, don sanyin bai yi nisa da digiri sifili na ma'aunin Salshiyas ba. Sai ta lafe a kan ganye, reshe ya sunkuya har ya karye, ya faɗa kan waya. A daren nan na tsaya bakin taga ina jin rassa na ɓallewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana harbin bindiga, can nesa kuma wani haske mai kore-kore yana walƙawa a sararin sama, kowace walƙiya wani layi ne ya tafi. Gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 3 suka rasa wuta a arewa maso gabashin Amurka, fiye da 800,000 daga ciki a Konetikat kaɗai. Wasu sun yi kwana 11. Babbar Sallah ta zo ranar 6 ga Nuwamba ta tarar da wasu gidaje har lokacin cikin duhu. Irin haka ta faru a birnin Bafalo na jihar Niyok ranakun 12 da 13 ga Oktoba, 2006. Gyaran na daɗewa ne saboda ba tiransifoma ɗaya ce ta ƙone ba. Waya ce ta tsinke a dubban wurare, kuma sai an sassare itatuwa an buɗe hanya kafin ma'aikata su isa wurin. Saboda haka ka lissafa kwanaki tun daga farko.

Tun ana hasashe, kafin ta fara zuba

Masu hasashen yanayi kan ba da kwana ɗaya ko biyu. Ka fara da mota, ka cika tankinta, domin famfon gidan mai da lantarki yake aiki, kuma 'yan gidajen da suka rage a buɗe layinsu zai tuna maka da ƙarancin mai na gida. Ka ciro tsabar kuɗi, ƙananan takardu, don na'urar kati na iya mutuwa. Ka cika wayoyi da batirin ajiya da caji. Ka sayi batir na tocila, ka nemi ƙaramar rediyo mai batir.

Sai ruwa. A tanadi aƙalla lita 4 ga kowane mutum a kowace rana don sha da girki, na kwana uku zuwa sama, mu kuma masu alwala sau biyar sai mu ƙara. Ka tambayi mai gidan da kake haya ko ruwanku na gwamnati ne ko na rijiya. Idan na rijiya ne, injin da ke jawo shi na tsayawa tare da wutar, famfo ya bushe nan take. Ka cika bahon wanka da bokitai don ban-ɗaki, amma idan akwai ƙaramin yaro a rufe ƙofar wurin. Ka ɗura ruwa a gorunan roba, kada ka cika su har baki, ka cusa su a duk wani gurbi da ke cikin firiza su daskare.

In akwai mai shan magani kullum, a duba ko zai kai mako. Mai amfani da na'urar numfashi a gida ya sanar da kamfanin wuta tun kafin ranar, ya kuma san inda zai koma.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid, wata iska mai guba, ta taru a ɗaki. Daban take da mai gargaɗin hayaƙi, ko da yake akwai masu haɗa aikin biyu. Ka danna maɓallin gwajinta ka ji ta yi kuka, ka tabbata tana da batir, ka sa ɗaya kusa da inda ake kwana.

Sa'ar farko

Da wuta ta tafi, ka leƙa ka ga ko maƙwabta ma duhu ne. In kai kaɗai ne, duba akwatin makunnan gidan. In unguwa ce duka, ka kira kamfanin wuta ko ka aika saƙo ka sanar. Kada ka ce wani ya riga ya faɗa, don da yawan rahoto suke gane girman matsalar kowane layi. Ka zare talabijin da kwamfuta da sauran kayan lantarki daga soket, ka kashe murhun lantarki da dutsen guga idan suna kunne lokacin da aka ɗauke. Ka bar ƙwan fitila ɗaya a kunne ya zama mai yi maka albishir.

Kada ka fita kallon ɓarna a daren. Rassa na ci gaba da faɗuwa sa'o'i bayan dusar ta tsaya. Duk wayar da ka gani a ƙasa ka ɗauka akwai wuta a jikinta, ko da unguwa duhu ce, ka ba ta tazarar mita 10, haka ma reshe ko shingen ƙarfe ko kududdufin da ta taɓa. Ka kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Idan waya ta faɗo kan motarka kana ciki, ka zauna a ciki har masu ceto su zo.

Ku tattaru a ɗaki ɗaya

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, ko da na'urar ɗumama gidan da gas ko mai take aiki, fankarta da injin tura ruwanta da makunninta duk lantarki suke ci. Wuta na tafiya ta yi shiru. Gidan ba ya hucewa nan take, a hankali yake sakin ɗuminsa, dare na biyu da na uku ne ake jin jiki.

Ba za ka iya ɗumama gida duka ba, don haka ka zaɓi ɗaki ɗaya, ƙarami, mai ƙarancin tagogi, in da hali wanda rana ke shiga da hantsi. A rufe ƙofofin sauran ɗakuna. A naɗe tawul a toshe ƙasan ƙofa. Da rana a ɗaga labule rana ta shigo, da ta yi sanyi a sauke, a ƙara rataya bargo a kan tagar. A kwaso katifu kowa ya kwana a nan, domin jikin mutum shi kansa murhu ne, mutum biyar a ƙaramin ɗaki suna ɗaga ɗuminsa sosai. Kada a kwanta a kan tabarma ko dandaɓe kai tsaye, ƙasa na zuƙe zafin jiki fiye da iska. Mu mun ja teburin cin abinci zuwa ɗakin, muka lulluɓe shi da barguna ya zama bukka, yara suka kwana a ƙarƙashi. Da asuba in ka sa hannu ciki sai ka ji bambancin kamar ka shiga wani gida.

Tufafi a sa su hawa-hawa, masu sauƙi uku sun fi mai kauri ɗaya, saboda iskar da ke maƙale a tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. Ulu ya fi auduga. Shadda da atamfa in suka jiƙe da gumi sai su koma suna sanyaya jiki, a canza su. Hula da safa har cikin barci. A ɗura ruwan ɗumi a gora mai murfi sosai, a naɗe ta da zane a sa ƙarƙashin bargo. Jariri kuwa a sa masa kaya masu ɗumi a jikinsa, kada a tula masa barguna da za su rufe masa fuska.

Haske da tocila da fitilar caji. In dole sai kyandir, a kafa shi cikin faranti nesa da labule, a kashe kafin barci.

Gawayi, janareta da murhun gas

Nan ne nake roƙon ka tsaya ka karanta a tsanake. Duk abin da ke ƙonewa, gawayi, itace, fetur, kananzir, gas, yana fitar da kabon monoksaid. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, abubuwan da mai jin sanyi zai ce mura ce ke son kama shi, ya ja bargo ya kwanta. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai.

A dare na uku wani ɗan'uwa ɗalibi, da bai fi shekara da zuwa ba, ya hura gawayi a waje cikin abin gasa nama. Ya jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jajir, sannan ya shigo da shi falo, yadda iyayenmu ke shiga da kasko ɗaki lokacin hunturu. A tunaninsa hayaƙin ne cutar, tunda babu shi an tsira. Garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar. Bayan kamar sa'a biyu matarsa ta ce kanta na sarawa, 'yarsu ta yi amai. Allah Ya sa matar ta lura cewa su ukun ne suka kamu lokaci guda, ta ja su waje. A asibiti suka kwana ana ba su iska. Da na je duba su washegari hannunsa na rawa yana ce mini, "Yaya, wallahi ɗumi kawai nake nema wa yarinyar nan." Ɗakunanmu na gida suna da kafofi ta ƙarƙashin ƙofa da rufi, duk da haka can ma ana rasa rayuka ta wannan hanya, da gawayi da hayaƙin janareta. Gidan da aka toshe kowace kafa tasa da roba ba ya yafe wannan kuskure.

Don haka gawayi ba ya shiga gida, ba ya shiga gareji, ba ya shiga baranda mai rufi da bango. 'Yan'uwa mata, har kaskon turaren wuta a haƙura da shi a waɗannan kwanaki. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, salansarsa na kallon nesa da gida, naka da na maƙwabci. Gareji ba waje ba ne ko da ƙofarsa a wangale take. Tsoron ɓarawo ne ke sa mutane jawo shi kusa, maganin wannan sarƙa da kwaɗo. A kashe shi ya huce kafin a ƙara mai. Kada kuma a soka wayarsa a soket ɗin bango don a ba gida duka wuta. In babu makunnin sauya layi da ƙwararre ya haɗa, wutar na komawa kan wayoyin titi ta kama ma'aikacin da ke bisa falwaya yana gyara.

Murhun gas na girki ne kawai. Kawunansa na sama yawanci ana iya kunna su da ashana, ka dafa abin da za ka dafa da taga a ɗan buɗe, ka kashe. Kunna tandarsa a bar ƙofa buɗe don ɗumama gida hanya ce ta mutuwa. Hita mai kananzir ko gas ɗin kwalba, sai wadda aka rubuta a jikinta cewa ta cikin ɗaki ce, a wasu jihohi da birane ma doka ta hana. In za a kunna, taga a ɗan buɗe, tazarar mita ɗaya daga komai, a kashe kafin barci. Murhun bango mai bututun hayaƙi yana da amfani idan an duba bututun an share shi, amma rassan da suka faɗo jiya ɗanyu ne, hayaƙi kawai za su ba ka.

Idan na'urar gargaɗi ta yi ƙara, ko mutum biyu suka kamu da ciwon kai tare, kowa ya fita waje nan take, a kira 911 daga can. Kada a tsaya neman inda iskar ke fitowa.

Abinci

Firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar sa'a 4. Firiza cikakkiya kamar sa'a 48, mai rabi sa'a 24. Kowace buɗewa na rage wannan lokaci, don haka a yanke shawarar abin da za a ɗauko kafin a taɓa ƙofar. A fara cinye na firij, miya da dafaffen abinci da madara, sannan a koma na firiza, kayan gwangwani a ƙarshe. Nama ko kaza ko kifi ko madarar da ta yi sama da sa'a 2 a zafin da ya haura digiri 4 a zubar, ko da ba ta yi wari ba. Na firiza in har akwai ƙanƙara a jikinsa lafiya yake.

Za ka ce ga firiza kyauta a waje. A Oktoba da rana zafi na hawa sama da digiri 4, rana na dukan leda, dabbobin daji kuma na yawo. Gara ka cusa dusa ko gorunan ƙanƙara cikin kula, ka sa abincin ciki, ka rufe ka ajiye a inuwa.

Yawancinmu kan sayi rago ko rabin sa a wurin yankan halal a cika firiza, asarar ba ƙarama ba ce. A nan ilimin gida ya yi mana rana. A kwana na biyu, naman na da sauran ƙanƙara, uwargida ta yanka shi ƙanana, ta tafasa da gishiri da kayan yaji har ruwan ya tsotse, ta soya shi ƙarau cikin mai, irin suyar naman layya. Muka ci, muka raba wa maƙwabta, sauran muka ajiye a kula. Shi ya kai mu har aka kawo wuta.

Jiki na ƙona abinci ne ya samar da zafi, saboda haka a ci a ƙoshi, musamman da dare. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, burodi da sardin ba sa buƙatar wuta. Garin kwaki da ruwan sanyi zai ƙara maka sanyi, a kwaɗa shi da ruwan ɗumi. In an kunna murhu sau ɗaya a tafasa ruwa da yawa a cika filas, a samu na shayi da kunu da na alwala. A riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishi. In ruwa ya ƙare har aka koma narka dusa, a debi mai tsabta, a tafasa ta minti ɗaya cur, kuma tukunya cike ba ta ba da ruwa mai yawa.

Bututun ruwa

Ruwa na kumbura idan ya daskare, ya fasa bututu, ba kuma za ka sani ba sai ya narke ya cika gida. Idan dare zai sauka ƙasa da sifili, ka bar famfo na ɗiga kaɗan-kaɗan, ka buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ka san inda babban makullin ruwan gidan yake tun yau. In za ku bar gidan, ka rufe shi, ka buɗe duk famfuna ruwan ciki ya tsiyaye. Bututun da ya daskare ana naɗa masa tsumma mai ruwan zafi, ba a kai masa harshen wuta. Mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya riƙa leƙawa, don injin da ke kwashe ruwa daga can ya tsaya, dusar Oktoba kuma da wuri take narkewa.

Mota da waya

Mota wurin caji ce da ɗan jin ɗumi. Ka fito da ita daga gareji tukuna. Ƙofar gareji mai lantarki tana da igiya, yawanci ja, da ake ja a ɗaga ta da hannu. Ka share dusar da ke bakin salansa, ka kunna kamar minti 10 a cikin sa'a, gilashi a ɗan sauke. A hanya, mahaɗar da fitilunta suka mutu kowa tsayawa yake cak, wanda ya fara isowa ya fara wucewa. Waya a rage mata haske, a yi saƙon rubutu maimakon kira. Ka aika wa na gida saƙo ɗaya cewa kuna lafiya kuma za su ji ka jefi-jefi, don in sun ga labari a talabijin suka kira ba ta shiga hankalinsu zai tashi.

Kwasar jiƙaƙƙiyar dusa da shebur aiki ne mai nauyi ga zuciya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya bar wa matasa. Wanda zai yi ya riƙa ɗiban kaɗan yana hutawa, ya kuma share bakin bututun da na'urar ɗumama gida ke fitar da hayaƙi ta bango.

Lokacin barin gida

Mu mutane ne masu kunya da kawaici, ba ma son a ce mun je mun ɗora wa wani nauyi. Ka ajiye wannan a gefe. Garuruwa na buɗe makarantu da ɗakunan taro su zama wurin jin ɗumi, da abinci da wurin caji, wasu har da wanka da wurin kwana. A Amurka da yawancin Kanada ka kira 211 a faɗa maka mafi kusa. Masallaci ko coci ko gidan ɗan'uwa da wutarsu ta dawo duk mafaka ce. Batun jam'i kuma, ya tabbata cewa a dare mai tsananin sanyi ko ruwa Manzon Allah (SAW) kan sa ladan ya ce a yi salla a gida, don haka kada ka bi ta ƙarƙashin rassa da wayoyi cikin duhu.

Idan akwai jariri, tsoho, mai ciki ko marar lafiya, kada a jira dare na uku. Zafin jiki in ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Alamun su ne karkarwa mai tsanani, harshe na sarƙewa, hannu ba ya iya riƙe abu, ruɗewa da gyangyaɗi. In karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, abin ya ƙara muni. Jariri fatarsa kan yi ja da sanyi, ya yi lakwas ya ƙi kama nono. A kira 911, a cire jiƙaƙƙun kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya da kai, in ya yiwu jiki da jiki a ƙarƙashin bargo. Mai allurar insulin ya kula kada ta daskare, ya ajiye ta a cikin ɗaki, ban da cikin dusa ko mota.

Kullum da safe ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, musamman tsohon da ke zaune shi kaɗai, irinsu suna da yawa a ƙasashen nan. Ka kira sabbin ɗaliban da ka sani, ka tambaye su kai tsaye da me suke ɗumama ɗaki.

Ranar da ƙwan nan da ka bari ya haska, kada ka kunna komai lokaci guda. Ka jira 'yan mintuna wutar ta zauna, ka fara da na'urar ɗumama gida da firij, sauran su biyo baya ɗaya-ɗaya. In ka rufe babban makullin ruwa, ka buɗe shi a hankali kana zagayawa kana sauraren ɗiga a bango da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ka ɗauki hoton abincin da ya lalace kafin ka zubar, don wasu takardun inshorar haya na biyan irin wannan asara. Ka wanke firij, ka mayar da gorunan ruwa firiza, ka sayi sabon batir ka sa wa tocila da na'urar gargaɗi a makon nan, domin bayan dusar Oktoba hunturun bai ma fara ba.